Gurbin da Munkaila Ya Bari a Bakin Teku

A shekarar 2009 na fara sanin Munkaila, cikin watan Oktoba, kuma tafin ƙafarsa na fara gani kafin fuskarsa. Yana kwance rub-da-ciki a kan dilolin tufafi can ƙuryar wata kwantena, a wani sito da ke bayan garin Guangzhou, yana cusa ɗan kwalin takalma a wani gurbi da ni ban ma lura da shi ba. Da ya sauko ya karkaɗe rigarsa, ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, “Malam, a yi haƙuri na bar ka tsaye. In na rufe kwantena da gurbi a ciki, abinci ba ya yi mini daɗi ranar.”

Na ɗauka wasa yake yi. Shekara goma na zauna kusa da shi, ban taɓa ganin ya bar gurbin da ya kai faɗin hula ba.

Ni a lokacin ban fi wata biyu a China ba. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a Bauchi, na yi ritaya, sai ɗan ƙanena Abdulhakeem, mai ofishin aika kaya a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, ya ce in zo in riƙa rubuta masa wasiƙun Turanci ina duba takardun jirgi. Turancin da aka koya mana da alli da allon dutse a makarantar mishan ta Gindiri, shi ya kai ni can da tsufana. Munkaila kuwa shi ne mai lodin ofishin. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, gajere mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma yana jin Sinancin ’yan dako kamar a cikinsu ya tashi, kuma in ya dubi tarin kaya sau ɗaya zai gaya maka ko kwantena za ta ɗauke su ko ba za ta ɗauka ba.

Shi ya fara nuna mini kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo. Wata Lahadi ya kai ni wani tsohon ƙauye da birnin ya haɗiye, Xiaozhou, ya tsayar da ni gaban wani gida. Bangon gidan ba bulo ba ne, ba dutse ba. Ɓawon kawa ne, dubbai, an jera su layi kan layi, kowanne ya ɗan sunkuyo don ruwan sama ya zame ta kansa. Wasu sun fi tafin hannuna tsawo. Aka ce mana gidan ya yi ɗaruruwan shekaru. A Gindiri malamarmu ta nazarin halitta tana da ɓawo irin wannan guda ɗaya tak cikin akwatin gilashi, kuma sai wanda ya wanke hannu ake bari ya taɓa. Ga shi nan an gina ɗaki da shi, har da taga. Na daɗe tsaye ina shafawa.

Munkaila ya ce, “A garinmu ma akwai ta, ta kogi. A jikin duwatsu take mannewa. Iyayenmu mata su ɓamɓaro, su dafa, su ƙyafe naman. Ɓawon kuwa bola ne, Malam. Tsibi-tsibi a bakin ruwa, yana yanke wa mutane ƙafa. Duk wanda ya zo ya kwashe, ko don ƙona farar ƙasa ko don kaji, godiya ake yi masa, har a kawo masa ruwan sha.”

Na rubuta wannan maganar tasa ne domin daga cikinta kuskurensa ya fito.

Cikin Disamban 2012 aka aike shi duba kaya a wata masana’anta ta yankin Taishan, tafiyar awa uku daga Guangzhou. A hanyar dawowa direban akori-kurar ya ratsa ta wani ƙauyen bakin teku don ya sayi kifi. Nan Munkaila ya hango tarin ɓawon kawa a gefen hanya, fari tas, busasshe, ba wari. A daidai makon yana da kwantenar tufafin kasuwar Baima ta wani Alhaji Zayyad wadda ta rage gurbi a bakin ƙofa, kwana uku abin yana cin ransa. Alhajin kuma yana da injin haɗa abincin kaji a Kano, kuma masu wannan sana’a suna niƙa ɓawon kawa a ciki don ƙwai ya yi ƙwari.

Bai ɗauka ba tambaya ba. Wani magidanci mai tsabtar riga yana tsaye a ƙofar gidan da ke kusa yana danna waya. Munkaila ya tambaye shi na waye, ya ce na gidansu ne. Ya tambayi farashi, ya ce kyauta ne, amma a kwashe duka, kuma yanzu. Munkaila ya yi masa godiya, shi ma ya yi wa Munkaila godiya, abin ya zo daidai da yadda ya sani a gida. Buhu arba’in da biyu ya cika. Ya lura kowane ɓawo yana da ’yar huda a tsakiya, ya ce a ransa aikin tsutsa ne. Bayan kwana biyu ya rufe kwantenar babu gurbi, ya ci tuwo malmala uku a shagon abincin Hajiya Saffana.

Alhaji Zayyad ya ji daɗin kayan, ya ce a ƙaro. Don haka bayan hutun sabuwar shekarar Sinawa, ranar ashirin ga Fabrairu, Munkaila ya sake komawa, ni kuma na bi shi saboda ina son ganin teku a kusa.

Inda tarin yake a da, sai muka tarar da fili. A tsakiyar filin wata tsohuwa tana zaune kan ’yar kujera, sanye da takalmin roba har gwiwa da faffadar malfa. Gefenta naɗin igiyoyi ne jibge, gabanta kuma kwano mai ’yan ɓawo da ba su kai ɗari ba. Tana ɗaukar ɗaya, ta ɗora ƙusa a tsakiyarsa, ta buga da guduma, ta zura igiya. Munkaila ya tsaya cak yana kallon hudar.

Magidancin nan ya fito daga gida da sauri. Ming ne sunansa, ɗan tsohuwar, yana da shagon wayoyi a Guangzhou, ya kuma iya ɗan Turancin ciniki. Ya tare mu yana cewa ƙasa-ƙasa, “Meyo, meyo. Babu, ya ƙare, ku tafi.” Amma uwar ta riga ta gan mu. Ta ɗaga murya ta tambayi ko su waye, ya ce baƙi ne daga birni. Ta ce ba a korar baƙo cikin sabuwar shekara, a kawo kujeru. Apo Chan ake ce mata, wato Kaka Chan.

Ni da ban san komai ba, na tambayi amfanin igiyoyin. Ming ya fassara mata ba da son ransa ba, ita kuma ta ajiye guduma kamar dama jira take a tambaye ta.

Ta ce kawa ba a ba ta abinci. Ba dusa, ba taki, ba magani. Ruwa take shaƙa ta tace abin da ke cikinsa, ta mayar da shi. Idan ruwan sama ya sauka a wata na huɗu na lissafinsu, ya gauraya da na teku har gishiri ya ragu, sai manyan kawa su saki ’ya’ya, ƙanana fiye da abin da ido zai gani. ’Ya’yan nan su yi ta yawo a ruwa suna neman abin kamawa, kuma ba abin da suke so kamar tsohon ɓawon iyayensu. Shi ya sa ake shanya ɓawo a rana ya yi wata da watanni, a huda, a jera a igiya, a rataye ƙarƙashin gadon gora mai iyo a kan ruwa. Wanda ya kama ya kama ke nan har abada. Bayan shekara uku a ciro.

Ta ga alamar ban gamsu ba. Ta tashi ta ɗebo ruwan bakin gaɓa mai laka a kwano biyu, ta jefa kawa huɗu masu rai a ɗaya, ta bar ɗayan haka, ta yi mini nuni da in sa ido. Na duba agogona, ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma.

Sannan ta nuna filin da muke zaune. Ta ce shekara biyu ta yi tana tara ɓawon nan tana hudawa da hannunta, domin yanzu kawa da ɓawonta ake kai wa birni, ba ya dawowa. Wata rana ta fita kan ruwa, ta dawo ta tarar ɓarayi sun zo da mota sun share. Maƙwabta sun koma rataya faifan siminti, ita kuwa mijinta bai taɓa jefa siminti a teku ba, ba za ta fara bayan ransa ba. Kuma a ƙa’idar ƙauyen, duk wanda ya bar wurinsa na ruwa babu igiya har lokacin kamun iri ya wuce, wani ake bai wa wurin. Wurin nan tun kakan mijinta yake hannunsu.

Ming yana fassarawa yana kallon takalminsa. Na ga Munkaila ya yunƙura zai tashi, bakinsa a buɗe. Ming ya kama masa hannu ta bayan kujera ya matse.

Da tsohuwar ta shiga ɗakin girki, Ming ya matso. Ya ce shekararta saba’in da ɗaya, gwiwoyinta sun lalace, sau biyu tana faɗawa ruwa. Ya roƙe ta ta koma birni wurinsa, ta ƙi. Ya ga in babu ɓawo babu igiya, in babu igiya za a karɓe wurin, dole ta biyo shi. Ya ce, “In ta san ni ne, ba za ta ƙara kirana ɗanta ba. Don Allah, laoban, maigida.”

Ƙarfe goma sha biyu da kwata na dubi kwanukan. Ɗaya yana nan da lakarsa. Mai kawar kuwa har zanen furen da ke gindin kwanon ina gani. Na koyar da yara tace ruwa da yashi da gawayi shekara da shekaru, ban taɓa ganin tacewa irin wannan ba, kuma abin da ya yi ta ba shi da ido, ba shi da hannu, ba ya ko motsi. Na ce, “Tsarki ya tabbata ga Mahalicci,” ban san a fili na faɗa ba.

Apo Chan ta fito da faranti. Munkaila ya tambaye ta abin da ta sa a ciki, kamar yadda muke yi ko’ina, ta ce ruwa ne da citta da tafarnuwa, ba giya, ba man alade. Turarawa kawai ta yi cikin ɓawonsu. Ranar na fara cin kawa. Laushinta kamar ɓargo, da ɗan zaƙi a ƙarshe, da romon gishiri da ake kurɓa daga ɓawon. Na ci bakwai. Munkaila ya ci biyu kacal. Tsohuwar ta tattara ɓawon da muka ci, ta wanke, ta zuba a kwanonta na hudawa. Goma sha huɗu suka ƙaru, har da na ɗanta.

A motar komawa, da muka wuce rabin hanya, Munkaila ya juyo wurina.

Ya ce, “Malam, kai da ka yi karatu. In na faɗa mata, na raba uwa da ɗanta. In na yi shiru, na ci haƙƙinta, ga shi har na ci abincinta a kai.”

Na ce, “Ai ka tambaya aka ba ka. Laifin na ɗan ne.”

“Na ga hudar, Malam. Da idona na gan ta. Tsutsa ba ta huda a tsakiya daidai sau dubu.” Sannan ya ce, “Mako nawa ya rage kafin watan nan nasu na huɗu?”

Na ciro ɗan littafin aljihuna na duba. Na ce in ana so a ba ta lokacin ratayawa, mako goma.

A Guangzhou akwai masu gasa kawa a kan gawayi, layi-layi, kowanne yana zubar da ɓawo bokiti-bokiti. Munkaila ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Sinancinsa na ’yan dako, ya roƙi goma sha ɗaya daga cikinsu su riƙa ware masa ɓawon daban. Kullum bayan sallar asuba sai ya ari keken dako ya zaga ya kwaso, kafin motar shara ta riga shi, ya dawo ya yi wanka ya tafi lodi. Ɓawon da aka ci jiya ba kamar wanda ya shekara a rana ba ne. Akwai maiƙo, akwai tafarnuwa, akwai ragowar nama. Sai ya aro babbar tukunyar suna ta Hajiya Saffana, ’yar Maraɗin nan mai shagon abinci a bayan titin Huanshi Lu, ya hau da ita saman benen da yake haya, yana tafasawa yana gogewa da buroshin ƙarfe.

Cikin mako guda duk Xiaobei ta ji. Harouna, wani Bakatsinen Maraɗi mai sayen wayoyi, wanda ke ɗaukar Munkaila taubashinsa, shi ya fi kowa samun abin yi. Da ya ga mun shigo shagon Hajiya sai ya toshe hanci.

“A buɗe taga, Sarkin Bola ya iso! Kai Munkaila, mutane na zuwa China su koma da mota, kai da kwandon shara za ka koma?”

“Ci abincinka, Bakatsine. Kai da ko rijiya tsoro take ba ka.”

“Ni dai ba na cin majina a cikin dutse. Malam, da girmanka, an ce har da kai aka sha?”

Na ce masa bakwai na ci, kuma da an ƙara da na ƙara.

Hajiya Saffana ta leƙo daga bayan kanta ta ce, “Ni tukunyata nake ji. Munkaila, in ta dawo tana ƙarni, kai za ka dafa shinkafar sunan duk wanda aka haifa a garin nan.”

“Za ta dawo tana ƙyalli, Hajiya.”

“To wai me za ka yi da su?”

“Ajiya ce ta mutane.”

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan. Ni ma ban ƙara a kai ba.

Sai watan Maris ya shigo da irin damshinsa. Wanda bai zauna garin ba ba zai gane ba: bango yana zufa, madubi yana zufa, rigar da ka shanya ran Litinin tana nan jiƙe ran Alhamis. Kwana goma sha tara ba mu ga rana ba. Ɓawon ya ƙi bushewa, ya fara wari, maƙwabta suka kai ƙara, mai gidan ya ba shi kwana biyu ya sauke kayansa daga saman bene. Ranar ce kaɗai na ga Munkaila ya zauna a bakin sito ya haɗa kai da gwiwa. Buhu goma sha uku ne a hannunsa, mako biyar ya wuce.

Na je na sami Abdulhakeem. Ban gaya masa dalili ba, na dai ce ina roƙon kusurwa ɗaya ta sito da fanka huɗu na wata guda, kuma ban taɓa roƙonsa komai ba tun da na zo. Ya dube ni, ya ce, “Baba, ku da Munkaila akwai abin da kuke ɓoyewa.” Na ce akwai. Ya miƙo makulli.

Nan muka shimfiɗa ɓawon a kan katakon lodi, fanka tana kaɗawa dare da rana. Munkaila ya sayi ɗan injin huda. Ya ce tsohuwar ba za ta iya jera dubban ɓawo cikin ’yan kwanaki ba, gara a kai mata su a igiya. Ya riga ya auna tata da ido ranar da muka je: ɓawo talatin a kowace igiya, tazarar yatsa huɗu, ƙulli a ƙarƙashin kowanne. Na ce wannan aikina ne, domin na yi sikawut a Gindiri, har lambar ƙulli aka ba ni a 1959. Na ɗaura masa nawa da alfahari. Ya karɓa, ya tsoma a bokitin ruwa, ya ja sau biyu, ƙullin ya zame.

“Malam, wannan na tudu ne.”

Ya nuna mini na masuntan Yawuri, wanda ake naɗawa sau biyu a mayar da bakin igiyar ta ƙarƙashi, yadda in ruwa ya ja sai ya ƙara cijewa. Kwana uku na yi kafin hannuna ya iya. Shi yana hudawa bayan an tashi daga lodi, ni ina jerawa. Yatsunsa duk suka tsattsage, domin bakin ɓawon kawa reza ne.

Ranar ashirin da takwas ga Afrilu muka loda abin da ya samu. Buhu talatin da ɗaya ne, ba arba’in da biyu ba, kuma abin ya dami Munkaila ƙwarai. Ya nemi direban nan na farko. Ya sa aka duba masa lokacin da ruwa ke janyewa, domin a sa’ar nan duk ƙauyen suna can cikin laka suna aiki. Muka isa da hantsi, ba kowa sai karnuka. Ya sauke buhunan a filin nan daidai, ya jera su kamar yadda yake jera kaya a kwantena, ya gyara na ƙarshe da ƙafa. Minti goma sha biyu muka yi, muka juya.

Daga nan sai jira. Ba mu da wanda za mu tambaya ko ta rataya, ko sun isa a bar mata wurin, ko ’ya’yan kawa za su yarda da ɓawon da ya sha gawayi da tafarnuwa a birni.

Tsakiyar watan Yuni, ina ofis, sai ga Ming a ƙofa. Direban ne ya kwatanta masa. Aka kira Munkaila daga sito. Ming bai zauna ba. Ya buɗe waya ya nuna mana hoton ɓawo guda a tafin hannun tsohuwar, jikinsa duk ɗige-ɗige kamar an barbaɗa riɗi. Munkaila ya ƙirga da farce, ya kai ashirin da uku, ya daina.

Sannan Ming ya ciro guntun igiya daga aljihu. Ya ce, “Koya mini ƙullin nan. Ta ce in nuna mata yadda na yi shi.”

Munkaila ya dube shi. Ming ya ce uwar ta tarar da buhunan, ta ga ɓawon da alamar gashin birni, kuma mutum ɗaya ta sani a birni. Ta kira shi a waya tana kuka. Ya kasa ce mata ba shi ba ne.

Na zaci Munkaila zai yi fushi. Sai ya jawo kujera, ya karɓi igiyar, ya ce, “Naɗa sau biyu. A’a, ta nan. Sake.” Sun fi awa guda a kai. Da Ming zai tafi ya tsaya a ƙofa kamar zai ce wani abu, Munkaila ya ce masa, “Je ka, kar ka manta da ƙasan.”

Buhu goma sha ɗayan da suka rage Munkaila ya kai su a Afrilun da ya biyo, da hantsi, lokacin janyewar ruwa. Na ce to an gama. Ya ci gaba da zagayensa. Masu gashi sun riga sun saba ware masa, shi ma ƙafarsa ta saba da zagayen asuba, kuma tun da ɓawo birni yake tafiya ba ya dawowa, ya ce wani ya kamata ya riƙa mayar da shi. Shekara ta uku ma ya kai.

A Janairun 2016 Ming ya aiko cewa za a ciro igiyoyin farko, kuma uwar ta tuna baƙin nan biyu, musamman tsohon da ya ci bakwai. Muka je. Ming ya yi baƙi, hannunsa ya yi kanta. Ashe ya bar wa matarsa shagon wayoyin kwana uku a kowane mako, domin uwar ta ce tun da ya damu da kawa haka, ya zo ya koyi sauran aikin. Shi ke tuƙa ɗan jirgin ruwan da muka shiga, ita tana zaune a gaba tana ba da umarni.

Gadon goran yana can inda kogi ke haɗuwa da teku. Ming ya kama igiya ɗaya ya kasa ɗagawa shi kaɗai, sai da Munkaila ya sa hannu. Abin da ya fito daga ruwan bai yi kama da abin da na jera da yatsuna ba. Kowane ɓawo guda ya zama dunƙule kamar kan mutum, kawa a kan kawa, manya-manya, ruwa na zuba daga bakunansu. A tsakaninsu ga wasu dangin kawa masu koren baki sun manne, ga ƙananan kaguwa suna gudu, ga ’yan kifaye suna faɗowa cikin jirgi suna tsalle. Gari guda ne a jikin igiya ɗaya, daga sharar da aka tsinto a bakin titi. Ba wanda ya zuba musu ko ƙwayar hatsi. Na leƙa ƙarƙashin gadon, ina hango igiyoyi suna lilo har zurfin da ya fi tsayina.

Apo Chan ta laluba saman igiyar ta sami ƙullin, wanda kusan shekara uku a ruwa ba ta kwance ba. Ta ɗaga shi ta nuna mana, ta yi magana mai tsawo, ta zunguri ɗanta ya fassara. Ming ya kau da kai. Ta sake zungurarsa.

Ya ce, idonsa a kan ruwa, “Ta ce ku dubi aikin ɗanta. Ta ce ba ya magana, kamar ubansa. Ta ce ɓarayi sun kwashe mata, shi kuma ya bi shara a birni ya tara mata, har yau yana kawowa a ɓoye, yana zaton ba ta sani ba. Ta ce da ba don shi ba, da yanzu tana bene hawa na ashirin tana kallon bango.”

Na dubi Munkaila. Yana tsugune yana ɓamɓare kawa da wuƙa yana jefawa a kwando. Ya ɗago ya yi wa tsohuwar magana da Sinanci, ya ce ta haifi ɗa nagari. Sannan ya ƙara da Hausa, “Allah ya yi masa albarka.” Ya ci gaba da aikinsa.

Ranar ya ci goma sha biyu. Na ƙirga. Da ya gama ya tattara ɓawonsa da kansa, ya wanke, ya zuba a kwanon hudawa.

A hanyar tasha na kasa haƙuri. Na ce, “Munkaila, ko sau ɗaya ranka bai so ta sani ba?”

Ya ce, “Malam, me za ta yi da sanin? Gurbi na bari a wurin, na cike. Wanda ya buɗe kwantena ai ba ya tambayar sunan mai lodi.”

Na baro China a 2019. Apo Chan ta rasu bayan shekara biyu, a gidanta na bakin ruwa, wurin yana hannun Ming. Ba ta taɓa sani ba. Da Munkaila ya kira ni ya gaya mini rasuwar, na tambaye shi ko yanzu zai huta da zagayen asuba. Ya ce akwai buhu tara a sito da ya riga ya huda, Afrilu kuma ta kusa.